Ranar da katin Baba ya daina aiki

Na bar gidan iyayena a watan Yuli na 2021, ina da shekara 24. An yi mini rakiya har bakin mota, Umma ta yi mini addu'a tana share hawaye da gefen mayafinta, ƙannena suka taya ni loda akwatuna, kowa ya san cewa ranar nan ce na fita. Akwai kuma fita ta biyu wadda ta zo bayan shekara biyu saura kaɗan, babu rakiya, babu sallama, kuma ni da kaina ban san ta auku ba sai da na tsinci kaina a gaban tagar sashen gaggawa na wani asibiti cikin dare, ina dafe da cikina, wata ma'aikaciya tana juya katin inshorar lafiyata a hannunta. Labarin wannan fita ta biyu nake so in bayar, domin na tabbata akwai matasa da yawa da suke tsaye yau a inda na tsaya a lokacin.

A jihar North Carolina ta Amurka na girma. Tun ina firamare Baba yake aiki a wata masana'anta mai ɗaruruwan ma'aikata, kuma ta wurin aikin nan ne dukan gidanmu muke samun inshorar lafiya. Haka tsarin ƙasar yake ga yawancin masu aiki, kuma asalinsa tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, sa'ad da gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi a 1942, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin ɗaukar nauyin maganinsu. Ni dai duk wannan ban san shi ba ina yaro. Abin da na sani shi ne wani ɗan kati fari mai rubutun shuɗi da ke zaune a jakar Umma, wanda take miƙawa a taga duk ranar da ɗayanmu ya tashi da zazzaɓi, ta haɗa da ɗan kuɗi kaɗan, a kira mu ciki. Ban taɓa tambayar inda sauran kuɗin suke fitowa ba, kamar yadda yaro ba ya tambayar wanda ya biya kuɗin wutar da yake karatu a ƙarƙashinta.

Ina ɗan shekara 13 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar kula da lafiya da ake kira Obamacare, ranar 23 ga Maris na 2010. Cikin abubuwan farko da suka fara aiki a dokar, daga watan Satumba na shekarar, akwai wanda ya shafe ni kai tsaye: duk tsarin inshorar da yake ɗaukar 'ya'ya, dole ne ya ci gaba da ɗaukar su har su cika shekara 26. Kafin nan kamfanoni da yawa suna cire yaro da zarar ya kai 19, ko kuma ranar da ya gama jami'a. Dokar ba ta tambayi ko yaron yana zaune a gidan iyayensa ba, ko yana makaranta, ko ya yi aure, ko yana da aikin kansa. Shekaru kawai ta duba. Saboda haka ranar da zan tafi, bayan an gama sallama na shiga mota, sai Baba ya sunkuyo ta taga ya miƙo mini katina ya ce, "Riƙe wannan, ka adana shi kamar yadda kake adana fasfo. Kana ƙarƙashina har ka cika ashirin da shida, daga nan kuma sai ka nemi naka." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Rabin maganar na farko ya zauna mini a kai, rabi na biyun kuwa na bar shi a bakin ƙofar gida.

Jihar Texas na nufa, inda na sami aikin gyaran manhajojin kwamfuta a wani kamfani. Aikin na kwantiragi ne, wato ana biyana a kan abin da na yi, amma a takarda ni ba ma'aikacinsu ba ne. Bambancin yana da nauyi, domin doka ta ɗora wa kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye alhakin samar da inshora ga waɗanda suke yi masa aikin awa 30 a mako, amma ɗan kwantiragi ba ya cikin wannan lissafi. An gaya mini haka ƙarara ranar da na sa hannu, kuma ban damu ba, tunda kuɗin da za a ba ni sun ɗan fi na ma'aikaci, ga kuma katin Baba a aljihuna.

Darasi na farko ya same ni a hunturun farko. Tari ya kama ni ya ƙi saki har mako uku, na je wani ƙaramin asibiti kusa da inda nake haya, na miƙa katin kamar yadda na ga Umma tana yi. Matar da ke taga ta buga lambobin a kwamfuta, ta ce inshorar tana nan da rai, amma su ba sa cikin da'irarta. A nan na fara sanin cewa kowane kamfanin inshora yana da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniyar farashi da su, kuma irin tsarin da Baba yake ciki ba ya biyan komai a wajen wannan jeri sai idan lamarin gaggawa ne. Likitocin da ke cikin jerin kuwa kusan dukansu suna North Carolina, tafiyar sama da mil dubu daga inda nake tsaye. An ce inuwar giginya na nesa ka sha, to inuwar katin Baba ta kusa ce kaɗai take sha. Na biya kuɗin ganin likita daga aljihuna, na sayi maganin, na koma ɗaki da wani tunani da ya yi mini illa daga baya, wato cewa katin nan ba shi da wani amfani a wurina. Na cire shi daga gaban walat na tura shi can baya. Duk wani ƙaramin ciwo da ya taso sai in daure, in tara shi har sai na je gida hutu in ga likitanmu na tun yarinta.

A ɗaya daga cikin irin wannan zuwa gida na ga likita a kan rashin barci da damuwar da ta dame ni watanni, abin da ban so iyayena su sani ba don kada hankalinsu ya tashi. Bayan makonni, da na sake zuwa, na ga ambulan a buɗe a kan teburin Baba, ɗauke da bayanin ranar da na je da abin da kamfanin inshora ya biya. Ashe duk lokacin da aka yi amfani da katin, ana aika wa mai inshorar takardar bayani. Baba bai taɓa ɗaga mini maganar ba, sai dai na lura ya ƙara yawan kirana a waya. Wannan abu ne da nake ganin ba a faɗa wa matasa yadda ya kamata, kuma na san akwai waɗanda suke ƙin zuwa asibiti gaba ɗaya saboda shi, alhali mutum yana da damar neman kamfanin ya riƙa aika masa wasiƙun da suka shafe shi zuwa wani adireshi dabam. Ban nemi haka ba. Ban ma taɓa sanar da kamfanin cewa na bar gida ba, don haka a wurinsu har yanzu ina zaune a ɗakina na dā.

A watan Maris na 2023 na cika 26. Baba ya kira ni da safe ya sa mini albarka, kuma kafin ya ajiye waya ya ce, "Ka duba maganar inshorar nan fa, kada ka yi sakaci." Na ce, "To Baba, in sha Allahu zan duba." Da gaske nake lokacin da na faɗa, amma a zuciyata na ɗauka ina da sauran watanni tara, saboda wani abokina da ya riga ni cika 26 ya ce mini tasa inshorar ta kai shi har 31 ga Disamba. Gaskiya ya faɗa game da kansa. Iyayensa a kasuwar inshora ta gwamnati suka sayi tasu, wato inda mutum yake sayen inshora da kansa ba ta wurin aiki ba, kuma a can ana barin yaro har ƙarshen shekarar da ya cika 26. Ta Baba kuwa ta wurin aiki ce, kuma irin waɗannan yawanci suna yanke yaro a ƙarshen watan da aka haife shi. Doka ɗaya ce, shekaru ɗaya ne, amma ranar fita ta bambanta da wata tara, kuma kira ɗaya na minti biyar zuwa lambar da ke bayan katin ya isa ya warware mini wannan. Ban kira ba.

Ranar Juma'a 5 ga Mayu, da la'asar, na fara jin wani ciwo a kewayen cibiyata. Na ɗauka abin da na ci ne. Zuwa bayan isha'i ciwon ya sauko ƙasan ciki ta dama ya tsaya a wuri ɗaya, zazzaɓi ya rufe ni, na yi amai sau biyu, kuma ko tari na yi sai in ji kamar an soka mini wani abu. Wajen ƙarfe biyu na dare abokin hayata ya ce ba zai zauna yana kallona ba, ya sa ni a mota, kuma har yau ina tuna yadda nake jin kowane rami na titi a cikin cikina. A hanya na lallashi kaina da cewa wannan dai gaggawa ce, katin Baba zai yi aiki ko'ina. A taga na zaro shi daga bayan walat, gefensa har ya lanƙwashe, na miƙa. Matar ta buga lambobin, ta dakata, ta sake bugawa a hankali tana duba katin, sannan ta ɗago kai ta ce cikin sanyin murya, "Wannan ya daina aiki tun 31 ga Maris. Kana da wani?"

Zan faɗi abin da ya zo mini a rai a wannan lokaci, domin shi ne mafi muhimmanci a labarin nan. Na juya na ce wa abokina mu koma gida, wataƙila zuwa safe zai lafa. Mutum ne ni mai ilimi, na san abin da ciwo a ƙasan ciki ta dama yake nufi, na san afendis, wato ɗan guntun da ke maƙale a jikin hanji, yana iya fashewa ya zubar da ƙwayoyin cuta a cikin ciki har ya kai ga rasa rai, amma tsoron bashi ya rinjayi duk wannan sani cikin daƙiƙa kaɗan. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ji mu ce ta tare ni. Ta ce babu inda zan je, za a duba ni ko da kati ko babu, maganar kuɗi kuma a bari sai gari ya waye. Daga baya na san cewa tun 1986 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa sassan gaggawa su duba duk wanda ya zo, su kuma yi masa abin da zai fitar da shi daga haɗari ba tare da la'akari da aljihunsa ba. Dokar ba ta yafe kuɗin ba, takardar biya tana biyo mutum gida, amma ta hana a mayar da shi daga bakin ƙofa. Aka ɗauki hoton cikina, likita ya tabbatar da afendis ne, kuma kafin hantsi an shiga da ni tiyata. Na farka da ƙananan ɗinki uku a ciki, da labarin cewa an cire shi kafin ya fashe.

Ranar Litinin da safe, kafin a sallame ni, wata dattijuwa daga ofishin kuɗi na asibitin ta shigo da fayil a hannu ta ja kujera ta zauna. Aikinta shi ne taimaka wa marasa inshora su ga ko akwai wata ƙofa. Ta fara da Medicaid, shirin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa tun 1965, amma ba ta daɗe a kansa ba. Ta bayyana mini cewa dokar 2010 ta so a faɗaɗa shirin ya ɗauki manya masu samun abin da bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa kowace jiha tana da zaɓi, kuma Texas ba ta faɗaɗa ba. Ko da ta faɗaɗa ma, abin da nake samu ya wuce ma'aunin. Sai ta dubi ranar haihuwata a fayil, ta yi shiru kaɗan tana ƙirge da yatsa, ta ce, "Kamfanin da mahaifinka yake aiki yana da ma'aikata sama da 20?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To takardar COBRA ta zo maka?" Na ce ban taɓa jin sunan ba. Ta ce, "Wane adireshi kamfanin inshorar yake da shi naka?"

A nan take na kira Umma ta bidiyo. Tun ranar Asabar take kuka tana neman yadda za ta taho. Bayan na kwantar mata da hankali na ce, "Umma, don Allah akwai wasu wasiƙu da suka zo da sunana?" Ta ce, "Akwai mana, Babana, duk na ajiye maka su." Haka take kirana saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Na ga ta shiga ɗakina, ta jawo aljihun teburin da nake karatu a kai ina sakandare, ga ambulan nan jere, an ɗaure su da roba, babu wanda aka taɓa. Ta ce, "Sunanka ne a jiki, amana ce, ba zan buɗe maka ba." Wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Tun ina aji huɗu ni ne mai karanta wa Umma wasiƙun hukuma da na makaranta in fassara mata, kuma da na tafi ban taɓa tunanin abin da zai sami wasiƙun da ke zuwa bayana ba. Na roƙe ta ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta riƙa nuna wa kyamara. Ta huɗun ce, mai kauri, ɗauke da kwanan wata 14 ga Afrilu.

Dattijuwar ta karanta ta daga wayata ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan maimaita shi yadda na fahimce shi. COBRA doka ce ta tarayya da ta fara aiki a 1986, wadda ta ba wanda ya rasa inshorar wurin aiki damar ci gaba da ita na wani lokaci idan kamfanin yana da ma'aikata 20 ko fiye. Ga yaron da shekaru suka fitar, lokacin yana iya kaiwa wata 36. Sharaɗin shi ne mutum zai biya kuɗin gaba ɗaya da kansa, har da kason da kamfani yake biya a dā, da ƙarin kashi 2 cikin ɗari na hidima. Ana ba shi kwana 60 ya yanke shawara, daga ranar da inshorar ta yanke ko ranar da aka aiko takardar, duk wadda ta zo daga baya, sannan kwana 45 ya biya kuɗin farko. Abin da ya cece ni kuwa shi ne cewa idan mutum ya amsa cikin wa'adin, inshorar tana komawa baya ta ɗinke daga ranar da ta yanke, tamkar ba ta taɓa tsayawa ba. Wa'adina zai cika 13 ga Yuni. Da takardar ta ƙara wata guda da 'yan kwanaki a aljihun teburin nan, da labarin da nake bayarwa yau wani ne dabam.

Kuɗin da aka rubuta a takardar sun kusa dala 700 a wata, a kaina ni kaɗai, kuma dole in biya na Afrilu da na Mayu duka, ko da yake lafiyata ƙalau a Afrilu, domin ba a yarda a bar giɓi ba. Da na ga adadin na daɗe ina kallonsa. Da daddare Baba ya kira. Na shirya jin faɗa, tunda ya gargaɗe ni da bakinsa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Alhamdu lillahi da ka tashi. Nawa ne?" Na gaya masa, na kuma ce ni zan biya. Ya ce ya ji, amma wata ɗaya nasa ne, kada in yi masa musu. Da na je gida jinya bayan mako biyu, na roƙe shi ya nuna mini takardar albashinsa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ɗauko ta ya ɗora yatsa a kan wani layi. Kowane mako biyu ana cire masa kuɗin inshorar iyali tun kafin albashin ya iso hannunsa, kuma haka ake yi tun ina ɗan firamare. Binciken da KFF, wata cibiya mai nazarin harkokin lafiya, take fitarwa duk shekara ya nuna cewa a 2023 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kusa dala 24,000 a shekara, kuma sama da dala 6,500 daga ciki daga albashin ma'aikacin suke fita. Na tuna shekarun da Baba ya yi yana ƙorafin ciwon baya saboda tsayuwa a bakin inji, da lokacin da wani abokinsa ya ja shi su buɗe sana'ar kansu ya ƙi, ya ce sai yara sun girma. A lokacin na ɗauka rashin ƙarfin hali ne. Ranar nan na gane cewa katin da na tura bayan walat yana cikin abubuwan da suka ɗaure shi a wannan aiki.

COBRA ta rufe abin da ya wuce, amma ba zan iya ci gaba da biyan kuɗinta ba, kuma likitocinta suna nan dai a North Carolina. Akwai wani agogon da yake tafiya a gefe. Wanda ya rasa inshora saboda cika 26 yana da kwana 60 kafin ranar da kwana 60 bayanta ya shiga kasuwar inshora ta gwamnati ba tare da jiran lokacin rajista na shekara ba, kuma nawa wa'adin zai ƙare 30 ga Mayu. Da ya wuce ni, da sai in jira rajistar da ake buɗewa 1 ga Nuwamba, inshorar kuma ta fara aiki a Janairu. Ita wannan ba ta komawa baya, tana farawa ne ranar ɗaya ga watan da ya biyo bayan zaɓi. Na shiga HealthCare.gov, shafin intanet na kasuwar, tare da ɗaya daga cikin masu taimakon jama'a kyauta, muka shafe kusan awa biyu a waya. A nan na koyi kalmomin da ya kamata in sani tun ranar da na fita daga gida: zubin da ake biya kowane wata, kason farko da mutum yake biya daga aljihunsa kafin kamfani ya fara sa hannu, ɗan kuɗin da ake bayarwa a taga, da kuma iyakar abin da zai iya fita daga aljihun mutum a shekara, wanda a 2023 doka ta tsayar a dala 9,100 ga mutum ɗaya. Tsare-tsaren an kasa su da sunan ƙarafa, tagulla da azurfa da zinariya da filatinum, gwargwadon kason da kamfani yake ɗauka, daga kusan kashi 60 zuwa kashi 90 cikin ɗari. Akwai kuma wani mai arha na 'yan ƙasa da shekara 30 wanda aka yi shi don babban bala'i kawai. Da a watan Maris ne, da shi zan ɗauka ko na tagulla, don zubinsu ya fi sauƙi. Da ɗinki uku a cikina sai na ɗauki na azurfa, bayan na buɗe jerin likitocinsa na tabbatar akwai su a unguwar da nake. Babu wanda ya tambaye ni tiyatar da aka yi mini, domin tun 2014 an hana kamfanoni ƙin mutum ko ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi. Gwamnati ta rage mini wani kaso na zubin bisa ƙiyasin abin da zan samu a shekara, tare da gargaɗin cewa za a daidaita lissafin lokacin biyan haraji.

Takardun biya sun fara zuwa a ƙarshen Mayu, kuma ba a haɗe suka zo ba. Asibiti da tasa, likitan tiyata da tasa, mai sa barci da tasa, mai karanta hoton ciki da tasa. Da na tara su sun haura dala 40,000. Sai da na kira kowane ofis na ba su lambar inshorar da aka farfaɗo, na roƙi su sake turawa kamfanin, wasu sau biyu wasu sau uku, kuma na koyi rubuta ranar kowane kira da abin da aka ce mini a wani littafi. Ɗaya daga cikinsu ya ci gaba da aiko mini da cikakken kuɗin har da barazanar miƙa ni ga masu karɓar bashi, sai da na tunatar da su dokar da ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta hana a caji mara lafiya sama da kasonsa na cikin da'ira a lamarin gaggawa. Zuwa Satumba komai ya lafa. Kamfanin inshora ya biya farashin da ya yi ƙasa sosai da wanda aka rubuto mini tun farko, ni kuma kasona ya tsaya a 'yan dubbai, waɗanda na biya kaɗan-kaɗan cikin shekara guda. Har yanzu abin yana damuna cewa farashi mafi tsada mara inshora ake rubuta wa, wato wanda ya fi kowa rashin halin biya.

Ina ganin dokar shekara 26 alheri ce babba, kuma ta riƙe ni shekaru bakwai da a dā ba zan samu ba. Sai dai tana sauke mutum ne a ranar da kalanda ta zaɓa, ko yana da aiki mai inshora ko babu, kuma shekarun nan su ne daidai lokacin da matashi yake yawo tsakanin kwantiragi da aikin wucin gadi, daga wannan gari zuwa wancan. Ko wanda ya sami cikakken aiki ma ana iya sa shi jiran da ya kai kwana 90 kafin inshorarsa ta fara. Wasu jihohi sun ƙara wa'adin bisa sharuɗɗa, New York har 29, New Jersey har 31, amma mafi yawan matasa ba sa ƙarƙashin wannan. Ina kuma ganin laifina a fili yake, ba na ɗora shi a kan kowa: an gargaɗe ni, lambar waya tana bayan katin, kuma na zaɓi in dogara da maganar aboki.

Ƙanwata ta yi aure a 2024 tana da shekara 23. Mako guda kafin a kai ta, na zaunar da ita da Baba a falo muka kira ofishin ma'aikata na masana'antar muka sa wayar a amsa-kuwwa. Muka tambayi ranar da inshorarta za ta yanke, aka ba mu rana da wata da shekara, ta rubuta a wayarta. Muka tambaya ko akwai likitocin da'irar a garin da za ta zauna. Muka tambaya game da haihuwa, aka tabbatar mana cewa ita tana nan a ƙarƙashin Baba duk da aurenta, amma mijinta ba ya ciki, kuma jaririn da za ta haifa ma ba ya ciki, sai an yi masa tasa rajistar cikin 'yan makonni bayan haihuwa. Kafin mu ajiye wayar ta ba su sabon adireshinta, harafi bayan harafi, ta sa aka maimaita mata.

Umma har yanzu ba ta buɗe wasiƙar da ba sunanta ne a jiki ba, kuma ban nemi ta canza ba. Abin da muka shirya shi ne duk ambulan da ya zo da sunan ɗayanmu, za ta ɗauki hotonsa ta tura wa mai shi a ranar, kafin ta sa shi a aljihun tebur. A makon jiya ma ta turo mini ɗaya, hoton ya ɗan karkace, babban yatsanta ya rufe rabin tambarin, ta haɗa da saƙon murya tana cewa, "Babana, ga wata ta zo, ka duba ko mai muhimmanci ce in buɗe maka."